Gurbin da Fatiha Ta Ƙi Cikewa

Yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. Ban da ita babu abin da zai raba ni da garejina a Kura, inda na shekara hamsin da ɗaya ina gyaran injin ban-ruwa. Ɗana na fari ne ya matsa. Ba na kama sunansa, amma a takarda Muttaka ne. Gwamnati ta tura shi can karatu, ya yi digiri ɗaya ya ɗora wani. Ya ce in zo a kankare mini idanun in koma cikin wata guda. An yi na dama a ƙarshen Fabrairu. Kafin a zo kan na hagu cutar korona ta shigo. Aka ɗage aikin, aka rufe filin jirgi, aka ce kowa ya zauna a gida.

Gidan nasu a unguwar Taman Melati yake, hawa na goma sha ɗaya. Ɗaki uku, falo kamar akurki, da 'yar baranda inda ake shanya. Daga nan ina hango jirgin ƙasan gari yana wucewa a kan gada, babu kowa a ciki. Mu huɗu ne a gidan: ni, shi, matarsa Bashira, da 'yarsu Fatiha.

Ni da yaron ba mu da doguwar magana, haka muka taso. Surukata kuwa daga gaisuwa sai ajiye kwano. Saura Fatiha. Jika ce, da ita ake wasa. Tana da shekara goma sha ɗaya aka kawo ta ƙasar, yanzu tana sha takwas, Hausarta duk ta karkace, tana liƙa "lah" a ƙarshen magana irin na mutanen gari. Ina ce mata amarya. Tana ce mini Ango mai ido ɗaya. Ta ce ita ba za ta tare ba sai an gyara ɗayan, na ce ai da ido ɗayan ma na ga ba ta iya tuwo ba.

A sati na biyu da kulle injin wankinsu ya tsaya da ruwa a ciki. Babu mai gyaran da zai zo. Na ce a ba ni sukudireba. Na durƙusa, idon da aka yi wa aiki yana ruwa, ɗayan hazo, na kasa samun kan noti. Fatiha ta karɓa. Ta kunna injin, ta kara kunne a jikinsa kafin ta taɓa ko noti ɗaya. Ta ce famfon fitar da ruwa ne, wani abu ya shaƙe shi. Ta shimfiɗa tsumma, duk abin da ta kwance ta jera shi daga hagu zuwa dama. Ta zaro fil ɗin ɗankwali daga ciki ta mayar da komai. Babu noti ko ɗaya da ya rage a ƙasa.

Yara sun fi sittin da suka bi ta hannuna. Waɗanda ke sauraron inji kafin su buɗe shi ba su kai biyar ba. Ubanta ba ya cikinsu, shi tun yana ƙarami ƙyamar baƙin mai yake yi. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce a makaranta akwai ɗakin ƙere-ƙere, sauran kuma a waya take gani. Ban yabe ta ba. Na ce ta riƙe sukudireba kamar muciya.

Bayan kwana kaɗan, muna cin abincin rana, maganar fom ta taso.

Akwai wata kwaleji a bakin teku, tafiyar awa biyu daga gari, inda ake koyar da gyaran manyan injinan jirgin ruwa. Wani kamfani ke ɗaukar nauyin yara ashirin duk shekara. A ciki an ware gurbi biyu ga 'ya'yan baƙi da suka yi sakandare a ƙasar. Sharaɗi kada mutum ya cika sha tara, ita kuwa za ta cika a Satumba. Uban zai gama karatu a Disamba, takardar zamanta kuma a jikin tasa take. In ya tashi ta tashi, sai fa in wata makaranta ta riƙe ta. Wato harsashi ɗaya gare ta.

Saboda cutar ba za a tara yara a yi musu gwaji ba. Za a aiko wa kowa kafireta iri ɗaya a kwali. Ranar gwajin mutum zai kafa waya a saman tebur tana kallon ƙasa, malamai uku suna kallo daga can. Hannu kawai za su gani, da lamba a jikin takarda. Ba suna, ba fuska. A kwance kafiretar ɗaiɗai, a wanke da fetur, a mayar, cikin minti goma sha biyu. Ba safar hannu, ba mai taimako, ba a maimaitawa. Daga fom ɗin abu biyu ne ke zuwa gaban malaman: sakamakon sakandare, da wani gurbi da ake tambaya a ciki ko kai wane ne. Ta karanta mana shi. Namiji. Mace. Ko kuma na uku, na fi so kada in faɗa.

Na ce a sake karanta mini na ukun. Ta sake. Na ce to shi wannan wa aka yi wa, ɓarawo?

Ta ce ita aka yi wa, kuma shi za ta zaɓa.

Ta juyo mana da kwamfutar. Hotunan waɗanda aka ɗauka shekara biyar a jere, fuska ɗari, babu ɗankwali ko ɗaya. Ta ce yayar wata ƙawarta, 'yar ƙasar, ta rubuta mace bara. Aka kira ta a waya cikin ladabi aka ce wurin aikin babu ɗakin sauya kaya na mata, ko za ta so sashen lissafin kayan sito. Ban san gaskiyar wannan ba, ita ta faɗa.

Uban ya ce ai ko ba ta rubuta ba fasfo zai nuna ranar rajista. Ta ce kafin ranar an riga an kafe maki da lamba kowa ya gani, janyewa za ta yi musu wuya. Ya sosa ƙeya ya ce da ma ta rubuta mace kawai a huta. Bashira ta ce ta rubuta mace ta bar wa Allah. Ita makarantar jinya take so yarinyar ta yi, ta sha faɗa, don haka na gane inda addu'arta ta dosa.

Sai suka dube ni.

Na ce ni duk injin da na gyara sai na buga masa alamata, ɗigo uku da kurfin maƙera, a jikin murfi. In ya yi kyau a san wanda ya yi, in ya lalace a san wanda za a zaga. Mai sana'a ba ya ɓuya. Kuma gidana ba a taɓa haihuwar wanda aka tambaye shi ko shi wane ne ya yi shiru ba.

Ta ce, "Ango, kai gemunka ke shiga gaba, aikinka ya biyo baya. Ni aikina nake so ya fara shiga, lah."

Na ce, "Abin da Allah ya yi ki abin kunya ne?"

"Ba ni ke jin kunyarsa ba. Su ne."

"To ki sa musu shi a ido."

"In sun bari an kai ga idon."

A gabana ta danna na ukun ta aika. Na tashi na bar abincin. Kwana biyu ban yi mata magana ba.

A rana ta uku uban ya shigo da wata tsohuwar kafiretar babur da ya roƙo a wurin mai gyara a ƙasan benen, don ta riƙa gwadawa. Ina zaune ina jan carbi, ina kallon ta tana neman kwance allurar mai ta baya. Na daure. Na sake daurewa. Daga ƙarshe na ce ta kawo nan kafin ta kashe ni da takaici.

Azumi ya kama muna cikin haka. Kullum bayan azahar sai mu fita baranda, ta shimfiɗa tsumma, in riƙe agogo. Ranar farko minti goma sha takwas ta yi. Na hana ta kallon hannunta. Na ɗaure mata ido da ɗankwalin uwarta, ta kwance ta mayar a haka. Akwai ɗan fil da ke riƙe da allurar mai, siriri kamar ƙayar aduwa, gajere. A nan kowa ke ɓata lokaci. Na nuna mata cewa da fatar kan yatsa ake jin raminsa, ba da ido ba. Ta kama a rana ɗaya. Akwai yaron da na shekara ina koya wa wannan.

Kafin goman ƙarshe ta sauko minti tara. Ta ce in faɗi gaskiya, ni a nawa nake yi. Na ce ango ba ya tsere da amarya. Ta ce tsoro ne. Da idona biyu lafiya ma ban fi tara ba.

Amma gurbin nan yana cina. In na kwanta da rana sai in ga malaman nan uku suna kallon waya suna gyaɗa kai suna cewa wannan yaron gwani ne. Yaron wa? Hannuna ne a jikinta, jinina ne, ya tsallake ubanta ya sauka a kanta. Za su yabi wani yaro da babu shi a duniya. In sun gano daga baya kuma su ce baƙi sun yi musu wayo. Na sake yi mata maganar sau biyu, ta ce fom ya tafi, ba a gyarawa.

A cikin tsarabar da na zo da ita akwai ƙullin lalle. Marigayiya matata, Ɗelu, ita ta shuka shi a bayan rijiyar gidana, har yau yana nan. Bashira ta adana ƙullin don Sallah. Sallah ta faɗo Lahadi. Gwaji Laraba.

Ranar Juma'a, mun zauna buɗe-baki, an kira salla a waya tunda masallatai a rufe suke. Na bari ta kai dabino baki.

Na ce, "Amarya, gobe za a ƙunsa miki lalle."

Ta ce, "Bayan Laraba, Ango."

"Sallah ba ta jiran Laraba."

"To a ƙafa."

"A hannu. Dungulmi, irin na kakarki."

Ta ajiye dabinon. Ta ce, "Ka san abin da kake yi."

Na ce na sani.

Ta ce ba za ta yi ba. Na ce lallen nan kakarta ce ta shuka, ta rasu ba ta ga girmanta ba, na ɗauko shi tun daga Kura a jakata, in jikar Ɗelu ta fi ƙarfinsa to shi ke nan. Na ture kwanon gabana. Na sha ruwa na shiga ɗaki. Da sahur ma ban fito ba, na ɗora azumi a kan azumi. Shekarata saba'in da huɗu, kuma ina shan maganin hawan jini. Sun san wannan, ni ma na san sun sani.

Da hantsi yaron ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya ce Baba. Na juya ga bango. Ya daɗe a wurin. Sai na ji ya tashi ya shiga ɗakinta. Da Turanci suka yi, ban ji me suka ce ba, amma na ji muryarsa tana rawa, tata ba ta rawa. Bashira kuwa tun safe ta tankaɗe lallen ta kwaɓa shi da lemon tsami ta rufe. Babu wanda ya sa ta.

Bayan azahar aka ƙunsa. Babu zunguru a ƙasar, da leda aka ɗaure. Ta zauna a falo hannu biyu a kan gwiwa har magariba, ba ta yi kuka ba, ba ta dubi kowa ba. Da aka kwance, lallen ya kama yadda na san na gidana yana kamawa, ja har ya doshi baƙi, daga farce zuwa gaɓa ta biyu, da tafin hannu. Na ce ma sha Allah. Na ci tuwo malmala biyu.

Mun yi Idi a falo, yaron ya ja mu. Da aka sallame ta zo ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Barka da Sallah, Alhaji." Na ce ina angon ya tafi. Ta tashi ta shiga kicin.

Abin da na sa a raina shi ne ranar Laraba malamai uku za su ga jan hannu ya gama a minti tara, su rasa bakin magana. Ba ta rubuta ba, to hannunta ya rubuta. Wanda ya ga wannan aikin ya ƙi ɗauka, shi ne da kunya har ya mutu. Haka na lissafa. Ban sa komai a lissafin ba sai ni da malaman.

Litinin da Talata ba ta fito baranda ba. Na aika uwar ta kira ta, ta ce cikinta ke ciwo. Tana shiga banɗaki ta daɗe, famfo na zuba. Gidan yana warin bilic, ruwan wankin nan mai cin launi, amma a lokacin kowane gida haka yake wari, har ledar cefane sai an goge saboda cutar. In ta fito hannayenta suna cikin hijabi. Na duba akwatin kayan aiki na ga babu sanfefata ta goge ƙarfe, na ɗauka ni na ajiye ta wani wuri. Na ce fushi ne, zai wuce. Mai minti tara ba ta buƙatar gwaji kwana biyu.

Laraba ƙarfe goma na safe. An ture kujeru, an sa tebur a tsakiyar falo. Uban ya gitta sandar tsintsiya a kan kujeru biyu ya ɗaure wayar a jiki tana kallon ƙasa. Ga kwalin kwalejin ba a buɗe ba, ga kwanon fetur, ga farar takarda da lamba arba'in da bakwai. Saura minti biyar ta fito ta zauna ta zaro hannayenta.

Lallen ya tafi daga kan yatsun. Fatar ma ta tafi da shi. Ta bi su da bilic, da dutsen goge kaushi, da sanfefata. Kan kowane yatsa ya saluɓe, ja jawur, yana ƙyalli da ruwa. Farcen ta goge su har sun kai nama, amma gindinsu yana nan da jan lalle, don shi farce ba ya saki. Tafin hannun ta bar shi, tunda shi ƙasa yake kallo.

Bashira ta yi salati ta toshe baki. Uban ya ce bari ya kira su a ɗaga ranar. Fatiha ta ce ba a ɗagawa. Na buɗe baki. Ta ce, "Alhaji, an hana magana." Wayar ta yi ƙara, wata murya ta kira lambar.

Na zauna a gefe, inda wayar ba ta gani, agogona a hannu.

Kwancewar ta tafi daidai, sai dai a hankali. Tana kama noti da gefen yatsa maimakon kai. Minti huɗu ta gama jerawa, inda da take yi a uku. Sai wanki. Ta tsoma yatsun a fetur. Kafaɗunta suka zabura, ta cije leɓe, ba ta yi sauti ba. Da ta ɗago, ɗigon ja ya sauka a kan farar takardar kusa da lambar. Ta ja tsumma ta rufe.

A minti na bakwai ta zo kan ɗan fil ɗin. Ta ɗauke shi, ta kai bakin ramin, ta tura. Bai shiga ba. Yatsan ba ya jin komai sai zafi. Ta sunkuya tana nema da ido, abin da na hana ta. Ta sake turawa, ya kuɓuce, ya buga gefen tebur ya faɗi ƙasa. Na ji ƙararsa a kan tayil, sau biyu.

Ta sauka ƙasa tana lalube. Tana neman sa ta wajen firji. Ni kuwa da sabon idona ina ganin sa, ya gangaro ya tsaya a jikin takalmina. Wayar tana jin duk abin da aka faɗa, in wani ya yi magana an kore ta. Minti takwas. Takwas da rabi. Uban ya kama kansa da hannu biyu.

Na sa babban yatsan ƙafa na tura shi a hankali ya gangara wajenta. Ni da na ce mai sana'a ba ya ɓuya. Ta ga fil ɗin, ta ga ƙafata. Ta ɗauka ta koma kan tebur.

Sau uku ta gwada kafin ya shiga. Agogona ya wuce sha biyu tana ɗaura murfin ƙasa. Ba ta tsaya ba, su ma ba su tsayar da ita ba. Ta ɗaure notin ƙarshe a minti goma sha huɗu da 'yan kai, ta ajiye kafiretar a tsakiyar takarda, ta janye hannu. Muryar ta yi godiya da Turanci, ta kira lamba arba'in da takwas. Wayar ta yi duhu.

Ta tashi ta wanke kwanon fetur, ta naɗe tsumma, ta kwance wayar daga sandar ta miƙa wa ubanta. Sannan ta bari uwar ta shafa mata magani.

Sakamako ya fito bayan kwana goma sha shida. Lambobi ashirin a jere, babu arba'in da bakwai. Biyun ƙarshe na baƙi ne. Ko maza ne ko mata, takardar ba ta faɗa ba. An turo mata gajeriyar wasiƙa cewa aikinta yana da tsabta amma ya wuce lokaci. Babu maganar hannu a ciki.

Da la'asar na same ta a baranda tana kwashe shanya. Yatsun sun fara sabuwar fata. Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce da ta bar lallen yadda yake da ta gama a minti tara.

Ta ce haka ne.

Na ce da sun gani da idonsu, da ba su da ta cewa.

Ta ninke zanen da ke hannunta ta ɗora a kwando. Ta ce, "Alhaji, yara nawa ka koya wa aiki a garejinka?"

Na ce sun fi sittin.

"Mata nawa?"

Ta ciro wani zanen daga igiya. Ta ce, "Baba ya ce Gwaggo Hajjo tana shekara goma ta kwance maka fulogi ta wanke ta mayar, injin ya tashi. Ya ce da bel ka raka ta har gida."

Hajjo 'yata ce ta biyu. Abin ya faru. Na manta da shi sai ranar.

Na ce wancan zamani daban.

Ta ce, "Malaman can sa'o'inka ne. Da na ga hotunan nan ban yi mamaki ba, na san irinsu, a gidanmu akwai. Kai kana ganin in sun ga hannuna za su ji kunya. Kai ka ji, da ka ga nata?"

Ta ɗauki kwandon. Na matsa ta wuce.

Na so in sa yaron ya rubuta wa kwalejin cewa laifin wani tsoho ne, a sake mata. Na kira shi, ya zo ya durƙusa. Na dube shi na kasa. Ban taɓa ce masa na yi kuskure ba, bakina bai san hanyar ba. Na ce ya duba mini maganar jirgi. Daga baya na ji shi da kansa ya rubuta musu, suka ce ba a maimaitawa, kamar yadda aka faɗa tun farko.

A watan Agusta aka samu jirgin kwaso mutane, na dawo da ido ɗaya a gyare. Su suka biyo baya a Janairu, da kayansu duka. Fatiha ta bar ƙasar da ta girma a ciki. Uwar ta samo mata gurbi a makarantar jinya a Kano. An ce a fom ɗin wannan ma akwai gurbin, gida biyu ne kawai, kuma uwar ce ta cike.

Garejina yanzu Yahuza ke riƙe da shi, babba a cikin yaran da na koya wa aiki, shi ma ya yi furfura. Na kira shi na ce ya share bencin da ke kusa da taga, jikata za ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Ya goge hannu. Ya ce, "Baba, manoma ba za su ba mace injinsu ba. Kuma kai ka ce mace ba ta tsallaka ƙofar nan."

Na ce ni na faɗa, ni na janye. Ya share bencin.

Na aika wa ubanta ya gaya mata. Bayan sati ya zo gaishe ni, na jira ya kawo maganar, bai kawo ba. Da zai tafi na tambaya. Ya ce ya gaya mata. Ta ce a gaishe ni, ta gode, karatu ya yi yawa.

Wata uku bencin yana nan a share. Da rani ya kama, aiki ya yi yawa, Yahuza ya tambaye ni ko ya ɗora injinan da ke jiran gyara a kai, wuri ya yi kaɗan. Na ce ya ɗora.